Bayan Labulen 'Yar Fari

Rijiyar Ɗantsoho, ƙasar Mashi
Farkon watan Agusta

Zuwa ga taubashiyata Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk matan gidan nan naku da ba su da aiki sai zama a inuwa suna taka keken ɗinki. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya sa mu gaba. Gero ya fara fitar da kai, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Innar, wato Goggonki Talatu, ta ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki ko an ɗauke ƙauyenmu daga inda kika san shi ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yarinyar nan ta sauka. Namiji aka samu, har an yi suna. Mijin yana can Legas wurin aikinsa, ita kuwa tun cikin yana wata bakwai ta dawo gida goyon ciki, don haka a nan take wanka. Kada ki ce na ɓoye miki. Malam ya bi shanu kasuwannin Nijar da wayar a aljihunsa, kuma ko yana nan sai an hau tudun bayan makabarta kafin ta kama. Shi ya sa na ba Ya'u direba wannan takarda, tunda duk ranar kasuwa yana shiga Daura da kaya.

Kin san ba ni da bakin magana a kan maijegon. 'Yar fari ce. Inna ta ɗauke ta tun ranar yaye, ita ta raine ta, har gobe “Yaya” take ce mini kamar cikinmu ɗaya. Ɗakin jego na Inna ne, ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ita ke hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa. Ni nawa faskare da ɗebo ruwa da dahuwar ƙauri, in ajiye kwano a bakin labule in juya abina.

To ga saƙon Inna. Kanwar da ke garin nan duk ƙasa ce, ba ta sa kunu ya yi ƙarfi. Ta ce ki shiga kasuwar Daura ki samo mata mai kyau, ki ba Ya'u. In kin ga dama ki haɗo da zane, tunda an ce ke ce shugabar mata yanzu, ko da yake ni na san ki tun kina kuka a kan ƙanzo.

Taki,
Amatullah

Gidan Iya Siddiƙa, Daura

Zuwa ga Amatullah, sabuwar kaka,

Wa alaikumus salam. Barka, barka! Allah ya raya, ya yi masa albarka, ya kuma tsare shi daga gadon bakinki. Ashe tsufa ya riga kama ki. Daga yau in na zo sai na durƙusa kafin in gaishe ki, in kuma ɗaga murya saboda kunne. Ki gaishe mini da Goggo, ki ce mata ƙauye yana inda yake, ni ce aiki ya ɗaure. Mu nan lafiya, sai dai rufin ɗakin ɗinki yana yoyo, mun jera robobi tsakanin kekuna, mata suna ɗinki suna kwashe ruwa.

Ya'u zai ba ki ƙunshi. Akwai atamfa, da sabulun da matanmu suka haɗa da hannunsu, da 'yan riguna na jariri ɗinkin gidan nan. In kin ga hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, 'yar koyo ce, ki yi mata uzuri.

Kanwa kuwa ban saya ba. Ki kira ni marowaciya, na ji na ɗauka. Mu a gidan nan kanwa ba ta shiga kunun maijego, haka na tarar kuma haka nake tafiya. Ruwan wanka ma mai ɗumi muke cewa a yi da shi, ba irin naku da in kaza ta faɗa ciki sai a wuce da ita tukunya ba.

Yanzu ki ɗan leƙa mini Fadila. E, na rubuta sunan, in kin zo wurin ki runtse ido ki tsallake. Yaya ƙafafunta suke? Tana barci a kwance kuwa? In ta zaga bayan gida ta dawo, tana haki? Ki amsa mini waɗannan, kada ki yi musu irin tsallaken da kike yi wa lissafi a firamare.

Taki har kullum,
Haulatu

Rijiyar Ɗantsoho

Zuwa ga marowaciyar Daura,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ku ma haka, da fatan kuma robobinku ba su cika ba. Ƙunshi ya iso, an gode, Allah ya bar zumunci. Rigar mai dogon hannu ɗaya mun ajiye ta har yaron ya girma mu ga wane hannun ne zai fi tsawo.

Zancen kaza da ruwan zafi na karanta wa Inna, ta yi dariya har da tari. Ta ce da ruwan nan ta yi wanka haihuwa bakwai, ga ta nan daram tana faskare. Kanwa kuwa Allah ya rufa asiri, an samo mana ja mai ƙarfi daga hannun 'yan Nijar a kasuwar Mashi. Ki riƙe taki.

Tambayoyinki na san neman tsokana ne. Ni zan ɗaga labule in duba ƙafar 'yar fari? Ai sai garin nan ya samu abin taunawa har kaka. Amma don kada ki ce na tsallake, ga abin da Inna ke faɗa. Ta ce jego ya karɓi yarinyar, ta cika ta yi ɓul-ɓul, fuska ta yi fam, zoben hannunta ma sai da sabulu aka zare shi. Mata masu zuwa barka suna ta yaba hannun Inna. Abu ɗaya ne, tana ɗan tari, ina jiyo shi in ina daka kusa da bangon. Kuma wai ta fi son barci a zaune, jingine da bango, in ta kwanta sai ta ce kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Inna ta ce sanyin damina ne ya sami hanya, don haka ta ƙara itace a ƙarƙashin gado, wanka ya koma sau uku, kunu ma an ƙara masa kanwa.

Wai ni Haulatu, me kuke yi ne a gidan nan ban da ɗinki da hana mutane kanwa? A nan ana cewa gida ne da ake koya wa mata mayar wa miji magana. Na ce in dai ke ce malamar, to an sami gwana.

Jiya da hantsi jaririn ya yi ta kuka ba ta ɗauke shi ba, sai da Inna ta dawo daga maƙwabta. Ƙila barci ne ya kwashe ta.

Taki,
Amatullah

Gidan Iya Siddiƙa, Daura

Amatullah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Mu lafiyarmu ƙalau. Na karanta takardarki. Yau na ajiye wasan taubasai a gefe. Ki karanta wannan kamar wata baƙuwa ce ta rubuto miki, wadda ba ta taɓa tsokanarki ba.

Abin da Goggo ke kira ƙiba, tsoro nake ji ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Akwai ciwon da ke kama zuciyar wasu mata bayan haihuwa, ta yi rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata. Sai ruwa ya taru a ƙafa, ya taru a ciki, ya hau har huhu, shi ya sa mai shi ba ta iya kwanciya. Likitoci sun ce ba wankan ne kaɗai ke kawo shi ba, mata da yawa sun yi sun tashi lafiya kamar Goggo. Amma in ya riga ya kama mace, kanwa tana ƙara riƙe ruwan, zafi kuma yana ƙara wa zuciyar aiki. Kamar jaki ne ya gurfana a ce maganinsa a ƙara masa buhu.

Kin tambaye ni me muke yi a gidan nan. Da ma ban taɓa ba ki labarinsa ba, don duk haɗuwarmu a wasa take ƙarewa. Iya Siddiƙa ungozoma ce a unguwar nan, ita ta yanke cibiyar rabin masu gemun da ke yawo a nan yanzu. Ba wanda ya kai ta sanin wankan jego. Da 'yar farinta Murjanatu ta haihu, sai ta bar ta a hannun ƙanwarta saboda kunya, kamar yadda kowa ke yi. Tana fita gida gida tana duba 'ya'yan mutane, ta dawo ta wuce ƙofar ɗakin 'yarta kanta a ƙasa. A ce mata yarinya ta yi ɓul-ɓul, ta ce madalla. Murjanatu ba ta kai arba'in ba. Ranar da Iya ta fara ganin ƙafafunta, an shimfiɗe ta ne za a yi mata sutura. Ta riƙe ƙwaurin tana addu'a, da ta ɗauke hannu sai shatin yatsunta ya zauna a jikin kamar a kan tuwo.

Da aka share makoki, Iya ta shimfiɗa tabarma a zaurenta, da ma mijinta ya rasu, ba mai zama a ciki. Ta ce duk maijegon da ke unguwar a kawo mata ita, in ba za a kawo ba ita za ta je. Ba ta neman komai sai ta danna ƙafa ta saurari numfashi. Wadda ta ga ta kumbura, ta sa ta gaba har asibiti, ta tsaya a kan likita sai ya duba ta. An ce mutuwa ta taɓa mata hankali. An ce tana raba mutane da al'adar iyayensu. Har gaban mai unguwa an kai ta, ya saurare ta ya ce a ƙyale ta.

Sauran abubuwan da kansu suka zo. Matan ƙauye da suka kawo jinya ba su da masauki, sai su kwana wurinta. Waɗanda aka sallama daga asibiti amma gida ya guje su saboda yoyon fitsari, sai su zauna. Zama kuwa sai da abin sawa a baki, wata ta kawo tsohon keken ɗinki, wata ta koya wa sauran haɗa sabulu da suyar ƙuli-ƙuli. Sista Zubaida da ta bar aikin asibiti ta zo da abin awon jini, har yau tana nan. Daga baya aka buɗe ajin karatu, aka samu wata tsohuwar mota ta kai marasa lafiya. A allon ƙofa an rubuta Cibiyar Tallafa wa Mata, amma ki tambayi kowane ɗan acaɓa, Gidan Iya Siddiƙa zai ce miki. Ni kaina da baban yara ya rasu nan na zo koyon ɗinki, Iya ta riƙe ni, kafin ta rasu ta damƙa mini makullai. Wasiyyarta guda ce, kada a bar mace tana ciwo a cikin ɗaki ana jin labarinta daga bakin wani, a shiga a gani da ido.

Don haka ki shiga, Amatullah. Ki danna babban yatsanki a ƙwaurin Fadila, ki riƙe tsawon Ƙulhuwallahu guda, sannan ki ɗauke. In rami ya zauna, a kashe wutar gadon nan, a daina kunun, ki sa Ya'u ya kawo mana ita a ranar. Na nuna wa Sista Zubaida takardarki, ta karanta wurin barci a zaune, sai kawai ta tambaye ni nisan garinku.

Wallahi ba wasa nake ba.

Haulatu

Bakin rafi, hanyar garinku daga Mashi

Amatullah,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sa wannan ta same ku da rai da lafiya. A kan murfin mota nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Kasuwa ta ci, Ya'u bai zo ba. Wata ta sake ci, shiru. Na kira lambar Malam har na gaji, wata mata ce ke amsa mini da Faransanci. Yau na kasa zama, na ɗauko motar gida da Sista Zubaida. Muka iso nan muka tarar ruwa ya cinye kwalbati, rafi ya cika baki da baki. Ga motar Ya'u a wannan gaɓar, tun ranar da ya baro Daura take nan, shi yana kwana wurin 'yan'uwansa a Mashi. Takardata kuwa tana gaban gilashi, rana ta ci bayanta. Ya ce ai ya ɗauka gaisuwa ce irin tamu ta kullum. Ban iya yi masa faɗa ba, na dai karɓe takardar.

Akwai masu fito da gora a nan, suna haye da kaya a ka. Na ba ɗayansu waccan takardar da wannan, na naɗe su a leda. Ki fara karanta waccan.

Tun ɗazu nake kallon gaɓarku. Duk sanda na hango mutane sun taho a jere, sai in tsaya ina duba ko akwai abin da suka ɗauko a kafaɗa. Tsoro nake ji, 'yar'uwata, irin wanda rabona da shi tun rasuwar baban yara. Yau a Mashi za mu kwana. Ko kalma ɗaya ce ki ba mai fiton ya kawo mini.

Haulatu

Rijiyar Ɗantsoho

Haulatu,

Wa alaikumus salam. Tana da rai. Na fara da wannan don na san shi kike nema. Sauran mutanen gida lafiya.

Takardun sun iso tare. A bayan rumbu na karanta su, na sake karantawa. Na yarda ba wasa kike ba, ban taɓa jin muryarki haka ba. Na je na karanta wa Inna wurin kanwa da wuta kawai, ban kai ga labarin Murjanatu ba ta katse ni. Ta ce, “Haulatun da na goya a bayana ce za ta koya mini jego? Ki aika mata, in ta tako gidan nan da zancen asibiti, ƙofa zan ja.” Kada ki ga laifinta. Tsohuwar nan ta rame, ba ta cin abinci sai yarinyar ta ci, hannayenta duk sun ƙone da ruwan zafi. Ta fi son ta a kan ranta. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, duk sanda tarin ya ƙaru, itace take ƙarawa.

Da azahar na kai kwano bakin labule, na ce yau zan shiga. A ƙofar na ga takalmanta an tura su gefe sun yi ƙura, silifas ɗin Malam take sawa yanzu, ƙafar ba ta shiga nata. Na tsaya ina jin numfashinta, yana wata ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Hannuna ya kai kan labulen. Sai na ji maƙwabciya ta yi sallama, na ajiye kwanon na juya kamar an kama ni da sata.

Ku na birni kun rage wannan abin, ba za ki gane ba. Tun da aka yaye ta ban haɗa ido da ita ba. Ranar da ta faɗi daga kan bishiya tana ƙarama, ina tsakar gida, na ci gaba da tankaɗe ina jin ihunta, mata suna yaba mini kara. Ba a tambaye ni yadda cikina ya yi ba, ni ma ban faɗa ba. Yanzu ki ce in ɗaga labule a gaban uwata, in nuna mata rainon da ta yi na shekara ashirin bai isa ba?

Ruwa ya ɗan ja. Ki hau gora ki hayo, ke ki shiga. Ke ba 'yarki ba ce, ba wanda zai ce komai. Don Allah, Haulatu.

Amatullah

Mashi

Amatullah,

Alhamdu lillahi da na ji tana da rai. Mu ma mun kwana lafiya.

Hayowa ba ta gagare ni ba, ko da ninkaya ne. Amma in na zo Goggo ta ja ƙofa, da wane baki zan ce ta buɗe? Sai taurin kai ya ƙaru, mu ɓata yini guda, kuma Sista ta ce wannan ƙarar numfashin ba ta jiran yini. Malam yana Nijar, mijinta yana Legas. A garin nan kaf mutum ɗaya ce ke da ikon fito da Fadila daga ɗakin nan, ita ce wadda ta haife ta.

Gobe tun sassafe muna bakin rafi da mota. Na yi magana da masu fito, sun ce za su haye da marar lafiya a kan ƙyaure. Ba zan tashi daga wurin ba sai na gan ku. Abin da mata za su faɗa kuwa, Iya ta sha gaya mana cewa waɗanda suka yaba mata kunya su ne suka zo gaisuwar mutuwa, suka ci tuwo suka tafi.

Haulatu

Asibiti, Katsina
Ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma Daura lafiya, kin tarar da matanku lafiya. Ki gaishe mini da Sista Zubaida, ki ce mata ban san da wane baki zan gode mata ba. Inna da jaririn suna lafiya, suna kwana a baranda tare da sauran masu jinya. Wata mai jinya 'yar Sandamu aka sallami tata, ta ce za ta biya ta ajiye miki wannan.

Kwanakin da kika yi tare da mu kin tambaye ni yadda aka yi muka fito, na ce miki Allah ne. Ban iya faɗa a gaban mutane ba, ko a waya ma ba zan iya ba. A takarda ya fi mini sauƙi.

Da hantsi ne, Inna ta zaga bayan ɗaki tana iza wutar ruwan wanka. Ban tsaya yin shawara ba, don na san in na tsaya zan juya. Na shiga. Zafin ɗakin ya buge ni har sai da na ja baya. Tana zaune a kan gadon, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Da ta gan ni sai ta hau laluben mayafi, tana ƙoƙarin saukowa ta gaishe ni. Na durƙusa na kama ƙafar. Haulatu, nauyinta kamar ba ta mutum ba. Na danna, na karanta Ƙulhuwallahu, na ɗauke yatsa, ramin ya zauna.

Ita ba ƙafar take kallo ba, hannuna take kallo. Ta ce, “Yaya, mutuwa zan yi ne?”

Na ce, “Wa ya gaya miki haka?”

Ta ce, “Ai na ga kin shigo.”

Sai ga Inna da damin ganyen darbejiya yana ɗigar ruwa. Ta tsaya a ƙofa ta ce, “Amatullah, kunyar taki ke nan ta ƙare?” Na ce, “Inna, ke kika raine ta, taki ce. Aronta nake roƙo ki ba ni, in kai ta a duba in dawo miki da ita.” Ban san inda maganar ta fito ba. Ta matso za ta ture ni, sai idonta ya faɗa kan ramin, har lokacin bai cike ba. Ta sa nata yatsan a ɗaya ƙafar. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ajiye ganyen, ta ɗauki jaririn ta goya, ta ce in je in ce maƙwabci ya ɗaura amalanke. Har muka iso rafi ba ta yi mini magana ba, har yau ma sai ta kama take yi. Mata kuwa sun fito ƙofa ƙofa suna kallona riƙe da kan yarinyar a cinyata. Sauran kin gani da idonki.

Jiya likita ya sake zuwa da na'urar da ke nuna zuciya. Ya ce ta buɗe ta yi rauni, ruwan ne kawai suka samu suka rage da allura. Ya ce wasu tasu tana komawa daidai cikin watanni in an riƙe magani, wasu ba ta komawa, kuma yanzu ba zai iya ce mini ga ɓangaren da take ba. Ya ce zancen wani ciki kada a yi shi sai sun ba da izini, ƙila ma ba za su bayar ba. Mijin yana hanya daga Legas, ban san wanda zai gaya masa wannan ba. Amma ta yi barci a kishingiɗe, da matasai biyu kacal, na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Nas ta ce a riƙa shafa mata mai a ƙafa, don fatar tana tsagewa tun da kumburin ya fara saɓewa. In Inna ce ta shafa, lumshe ido take yi har barci ya ɗauke ta. Shekaranjiya na ce bari ni ma in gwada. Ina ɗauko kwalbar ta bi ni da ido, numfashinta ya sauya. Ta yafito nas, ta tambaye ta a hankali ko akwai abin da aka gano ba a gaya mata ba. Duk sanda na matso kusa da gadon haka take yi. Ko ruwa na miƙa mata, sai ta duba fuskata tana neman mugun labari.

Ke kin ga mata iri iri a gidan nan naku. Akwai wadda ta taɓa zuwa muku da irin wannan? Ina son in riƙe hannun yarinyar nan ba tare da gabanta ya faɗi ba. Ki rubuto mini yadda ake yi, don ni ban iya ba, kuma ban san ko za a ba ni lokacin koyo ba.

Taki,
Amatullah